Dara a kan Dreamcast: kundin aiki

11 ga Janairu, 2025

Na'urar ta iso hannuna, saboda haka daga yau zan riƙa rubuta inda aiki ya kwana. Abin da na sa a gaba shi ne in rubuta wasan dara, tamu mai gidaje 30, ta tashi a kan Dreamcast ta kamfanin Sega. A kan na'urar kanta nake nufi, da hannun gem ɗinta da talabijin, ba a kwamfuta kawai ba.

Wadda na samu 'yar gwanjo ce ta kasuwar Turai, kuma ita na nema tun farko, domin wutar 220 zuwa 240 take sha. Ta Japan 100 ce, ta Amurka 120, duk sai an haɗa su da taransifoma. Abu na biyu da na sa aka duba mini kafin a biya kuɗi shi ne lambar da ke cikin ɗan da'ira a takardar da aka manna a ƙasanta. Tawa 1 ce. Masu lamba 0 da 1 suna karɓar faifan sidi na gama-gari da mutum ya buga da kansa, amma a cikin masu lamba 2, na ƙarshen shekarar 2000, akwai waɗanda aka toshe wa wannan hanya.

Duk wanda na gaya wa sai ya ce me ya hana ni nufar Switch ko PlayStation 5. Amsar ita ce ta ja ni cikin aikin tun asali. Na'urar gem ba kamar kwamfuta ba ce da kowa zai rubuta manhaja ya ɗora. Kamfanin da ya ƙera ta shi ke riƙe da makulli. 'Yan gida, wato ma'aikatansa, suna yin nasu wasannin, amma da wuya na'ura ta yi tsawon rai da su kaɗai, sai 'yan waje sun shigo. Su kuma sai sun sa hannu a yarjejeniyar rufa asirin kayan aiki, sun sami na'urar gwaji ta musamman, an duba wasansu kafin ya fita, sannan a cire kason mai na'ura a kowane kwafi da aka sayar. Yanzu an sassauta ƙwarai. Microsoft ta buɗe shirin ID@Xbox a 2013 don ƙananan masu ƙirƙira, Nintendo ma tana karɓar rajistar mutum ɗaya tilo. Sai dai abin da ka koya a can ba ka da ikon baza shi a fili. Shi ya sa injin Godot, wanda kod ɗinsa a buɗe yake ga kowa, ba ya iya ɗauke da sassan waɗannan na'urori a cikinsa, sai dai wasu kamfanoni masu lasisi su yi maka wannan ɓangaren. Ni kuwa so nake in rubuta komai a nan, duk mai so ya karanta ya gwada. Dreamcast ta ba ni wannan dama. An daina ƙera ta a Maris 2001, faifai na ƙarshe mai lasisin Sega ya fita a Japan a 2007, kuma tun daga nan 'yan waje zalla ke riƙe da ita.

25 ga Janairu

Kayan aiki sun zauna a kwamfutata. Ginshiƙinsu shi ne KallistiOS, wanda masu harkar ke kira KOS. 'Yan ƙungiyar Cryptic Allusion ne suka faro shi a 2000, kuma har gobe masu sa kai ke kula da shi. Ba a gina shi kan kod ɗin Sega ba. Mutane ne suka zauna suka binciki na'urar gaɓa-gaɓa, suka rubuta nasu, don haka wasan da aka yi da shi ana iya raba shi ko a sayar ba tare da an taɓa haƙƙin wani ba. Kayan Sega na asali, waɗanda ake kira Katana, sun daɗe suna yawo a intanet, amma ko buɗe su ba zan yi ba. Ba nawa ba ne, kuma wasan da aka gina a kansu ba shi da halin fitowa fili.

A cikin KOS akwai wani tsari, dc-chain, da ke gina GCC, manhajar da ke mayar da kod yaren inji, don furosesan Hitachi SH-4 da ke cikin na'urar. Ya daɗe yana aiki, amma ya kammala ba gardama. Na haɗa misali na farko, na buɗe shi a manhajar kwaikwayo ta Flycast, rubutu ya bayyana a allo. Filin da zan yi aiki a ciki shi ne: SH-4 mai gudun megahaz 200, ram megabait 16, wasu 8 na hoto, 2 na sauti. Ga dara, wannan ya isa har da ragi.

Abin da ya fi burge ni shi ne jakar misalai. Ga na karanta hannun gem, ga na kunna sauti, ga na ajiya a memori, kowanne gajere kuma yana aiki. Mai buga gem idan ya ji an ce na'ura tana da goyon bayan 'yan waje, sunayen manyan kamfanoni yake hangowa. Ga mai rubuta kod, goyon baya yana farawa ne daga ƙaramin misalin da zai sauya wa layi ɗaya ya ga abin da ya canza.

9 ga Fabrairu

Na'urar tana wurin mai gyara. Tana cikin aiki sai ta koma farko da kanta, abin da tsufa da ƙurar hunturu ke jawowa. Da ya buɗe ta ya ce, "Yallaɓai, idonta lafiya ƙalau. Ƙafafun da ke haɗa akwatin wuta da allon ciki ne suka yi datti." Zai goge su, ya kuma sauya batirin agogo.

Tun da ba gwaji, na koma kan tambayar da ke raina tun da na ga tambarin Windows CE a goshin na'urar. Me ya kai Microsoft jikin kayan Sega? Amsar tana ga wadda ta gabace ta, Saturn. Saturn tana da furosesa SH-2 guda biyu da guntayen hoto biyu, tana kuma zana siffofi da murabba'i alhali kusan kowa alwatika yake amfani da ita. Kayan aikin da aka ba 'yan waje da farko ba su taka kara sun karya ba, sai wanda ya iya yaren inji sosai ke iya tatsar ƙarfinta. A daidai lokacin Sony ta fito da PlayStation, ta ba mutane ɗakin karatun kod na yaren C, ta kuma rungumi kayan kamfanin SN Systems na Ingila, waɗanda ake cusawa cikin kwamfutar ofis ta gama-gari a fara aiki. Ga kuma faifan sidi mai arha da saurin bugawa, wanda shi ne ya raba kamfanin wasanni Square da Nintendo: kaset ɗin Nintendo 64 mafi girma megabait 64 ne, sidi kuwa 650, sai Final Fantasy VII ya fita a PlayStation a 1997.

Sega ta ɗauki darasi, kuma ina ganin shaidarsa a duk layin da na rubuta. Furosesa ɗaya, guntun hoto ɗaya na PowerVR, tsari a miƙe. Windows CE an kawo shi ne don masu wasannin kwamfuta su ƙauro da kayansu cikin sauƙi, ko da yake mafi yawa sun zaɓi Katana saboda ta fi sauri. Akwai kuma allon NAOMI na gidajen gem, ɗan'uwan Dreamcast ne a ƙira, don haka wasan da aka yi wa gidan gem ba ya wahalar dawowa gida. Capcom ta zo da ƙarfinta, da Power Stone da Resident Evil Code: Veronica da Marvel vs. Capcom 2. Namco ta kawo Soulcalibur. Ranar 9 ga Satumba 1999 aka buɗe kasuwar Amurka kan dala 199, da wasanni fiye da 15 a ranar farko.

Amma Square ba ta zo ba, Electronic Arts ma ba ta zo ba, kuma ta biyun ce ta fi ciwo. EA ita ce ta taimaka wa Genesis, tsohuwar na'urar Sega, ta kafu a Amurka. Wajen 1990 injiniyoyinta sun warware sirrin na'urar da kansu, Trip Hawkins, wanda ya kafa EA, ya tafi teburin ciniki da wannan a hannu, ya samo lasisi mai rangwame har da izinin buga kaset ɗinsu, masu ɗan rawayen maɓalli a gefe. John Madden Football ya biyo baya. Shekara tara bayan haka kamfanin nan ya juya baya. Bernie Stolar, shugaban Sega na Amurka a lokacin, ya sha faɗa a hira cewa Larry Probst na EA ya nemi a bar musu wasannin motsa jiki su kaɗai, shi kuma ya ƙi, don Sega ta riga ta sayi Visual Concepts, masu wasan ƙwallon Amurka NFL 2K. Mutanen EA sun kawo wasu dalilan, ciki har da sharuɗɗan lasisi da zaɓen guntun hoto: an yi ƙira biyu, ta Amurka da guntun 3dfx, ta Japan ƙarƙashin Hideki Sato da PowerVR, aka ɗauki ta Japan, har 3dfx ta kai ƙara kotu a 1997.

Ni dai a ganina duk waɗannan rassa ne. Tushen shi ne amana. A ƙarshen 1994 Sega ta fito da 32X, ƙarin na'ura da ake ɗorawa a kan Genesis, kamfanoni suka zuba kuɗi, ba a jima ba aka watsar da ita. A Mayu 1995 aka saki Saturn a Amurka watanni kafin ranar da aka sanar, 'yan waje ba su gama wasanninsu ba, dillalan da aka tsallake suka fusata. A 1997 Stolar ya fito fili ya ce makomar kamfanin ba ta ga Saturn, alhali akwai masu aiki a kanta. Sarkin kasuwar da ya tashi kasuwa sau biyu ba shiri, ko ya share fili mai kyau karo na uku, 'yan kasuwa za su yi jinkirin kafa rumfa. Wasa babba yana cin shekara ɗaya zuwa biyu ana yin sa. Wanda zai zuba wannan dukiya, kafin ya tambayi sauƙin kayan aiki, sai ya tambayi ko na'urar za ta kai ranar da zai gama.

27 ga Fabrairu

Allon dara ya fito: layi 5, gidaje 6 a kowanne, tsinke ga mai wasa na farko, tsakuwa ga na biyu, 'ya'ya 12 kowa. PowerVR ba ta zana allo gaba ɗaya lokaci guda, tana yanka shi ƙananan murabba'ai masu fiksel 32 a kowane gefe, kuma tana son a jera mata abubuwa kashi-kashi, marasa ratsuwar haske daban, masu ratsuwa daban. Hotunan da za a shimfiɗa kuma faɗinsu da tsayinsu su zama 64, 128, 256, haka. Da na bi ƙa'idarta, ba ta ba ni wahala ba.

Haruffa ne suka tsayar da ni. Na'urar tana da nata zubin haruffa a cikinta, kuma KOS na ba da damar amfani da shi da layi ɗaya. Akwai na Yammacin Turai, akwai na Japananci, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ba zan fitar da wasan dara da ke rubuta "dan wasa" a maimakon "ɗan wasa" ba. Saboda haka na fara zana nawa haruffan, ɗaya bayan ɗaya, cikin hoto guda mai faɗin 256.

12 ga Afrilu

Azumi da Sallah sun wuce, an dawo aiki. Na haɗa waya daga ramin siriyal da ke bayan na'urar zuwa kwamfuta, na buga faifan dcload. Yanzu da na haɗa kod sai in tura shi kai tsaye, saƙonnin gwaji kuma su dawo mini a allon kwamfuta. Akwai adaftar intanet mai sauri da Sega ta yi, wadda ta fi wannan gudu nesa ba kusa ba, amma kaɗan aka ƙera, tsadarta ta fi ta na'urar kanta.

Gwajin farko a kan ƙarfe ya nuna abubuwa biyu da kwaikwayo ya ɓoye. Na farko, SH-4 ba ta yarda a karanta lamba mai bait 4 daga adireshin da bai rabu da 4 ba, nan take take tsayawa. Fayil ɗin faɗin haruffa yana da irin wannan tsari, a kwaikwayo ya wuce, a na'ura ya tsaya. KOS ta zubo mini adireshin da abin ya faru, na bi shi na sake jera fayil ɗin. Na biyu, a talabijin mai ƙeya, wadda ke zana layuka rabi-rabi, duk layin kwance mai kaurin fiksel ɗaya rawa yake yi. Lanƙwasar kan ƙ da ɗ da ɓ daidai nan take, sai ta riƙa ƙyaftawa har ɗ ta koma kamar d. Na mayar da kaurin kowace lanƙwasa fiksel biyu, na kuma janye rubutu daga bakin allo don talabijin na cinye gefe.

Amsar matsala ta biyu na same ta ne daga wani da ya rubuta bayani shekaru da suka wuce, bai san ni ba, bai kuma karɓi ko kwabo ba. Allah ya saka masa da alheri.

17 ga Mayu

Kwamfuta ta fara buga dara. Gidaje 30 suna shiga cikin lamba ɗaya mai bit 32, daidai faɗin rijistar SH-4, don haka matsayin kowane ɗan wasa lamba guda ce. Neman uku a jere ya zama gusar da lambar da haɗa ta da kanta, ba sai an bi gida-gida ba. Binciken kuma irin na alfa-beta ne: na'ura ta hango motsinta, da martanin abokin karawa, da nata martanin, tana yanke rassan da ba za su kai ko'ina ba. Lokacin dasa 'ya'ya ne ya fi nauyi, don a farko gida 30 ne a buɗe. Da an gama dasawa saura gida 6 kacal, motsin da zai yiwu kaɗan ne, sai ta hango nesa sosai. Na ware tunanin a zaren aiki na daban don hoto ya ci gaba da sabuntuwa sau 60 a daƙiƙa, kada mai wasa ya zaci ta maƙale.

Na kai wa kawuna, wanda ya fi kowa iya dara a gidanmu. Bai taɓa riƙe hannun gem ba, sai ya riƙa nuna gida da yatsa ni ina dannawa. Ya cinye ta. Da muka gama ya ce, "Ɗana, abin nan naka kwaɗayi ne da shi. Da ya ga ci sai ya afka. Mai dara ba ci ɗaya yake nema ba, wurin zama yake ginawa inda ɗa guda zai riƙa kai da komo, kowane taku da ci." Na ce, "To Kawu, yaya ake gane an kusa gina shi?" Ya zana mini siffofi a ƙasa, na ɗauke su a waya. Su nake mayarwa cikin ma'aunin da na'ura ke auna kyawun matsayi da shi, domin a yanzu yawan 'ya'ya kawai take ƙirgawa.

Ya kuma ja hankalina kan ƙa'idojin da suka bambanta daga gari zuwa gari, musamman ko ana cin ɗan da ke cikin jeren uku. Abin da ba a saɓa a kai ba na kafe shi: ba a jera uku lokacin dasawa, ba a tafiya a karkace, huɗu a jere ba ci ba ne. Sauran na sa su a shafin zaɓi.

14 ga Yuni

Akwai wani ɓangare na goyon baya da ban san darajarsa ba sai yanzu da babu mai yi mini shi, wato dubawa. A zamanin lasisi, wasa ba ya fita sai masu gwajin kamfanin na'ura sun bi shi da jerin sharuɗɗa. 'Yan waje sun sha kuka da wannan mataki, don yana cin lokaci, kuma asalinsa ma da tsauri ya zo. Bayan kasuwar gem ta Amurka ta rushe a 1983 saboda ambaliyar wasanni marasa kyau, Nintendo ta sa guntun kulle a na'urarta NES, ta iyakance wa kowane kamfani wasa 5 a shekara, ita ke buga kaset, kuma wasan ba zai je wata na'ura ba sai bayan shekara 2. Har Konami sai da ta buɗe wani kamfani, Ultra Games, don ta sami ƙarin gurbi. Wannan ya wuce gona da iri, kuma shi ya sa da Sega da Sony suka zo da sassauci mutane suka ruga. Amma dubawar kanta alheri ce ga mai saye.

Don haka na rubuta wa kaina jerin, ina kwaikwayon halin wasannin Dreamcast na asali. Idan aka danna A da B da X da Y da Start tare, wasa ya koma shafin farko. Idan aka zare hannun gem ana tsakiyar wasa, ya dakata ya faɗa. Idan aka buɗe murfin faifai, ya koma shafin na'ura. A talabijin ɗin Turai da irin namu a tambayi mutum sabuntuwar hoto sau 50 a daƙiƙa yake so ko 60. Idan babu memori, ko ta cika, ko an zare ta ana cikin rubutu, kada wasa ya mutu kuma kada ya ɓata ajiyar wani.

Memorin, VMU, tana da gurabe 200 masu bait 512. Ajiyata gurbi 2 take ci, yawanci ma hoton alama ne ya cinye. Tana da ɗan allo mai fiksel 48 a kwance, 32 a tsaye, wanda ke leƙowa ta tagar hannun gem. Idan kowane gida ya ɗauki fiksel 6, allon dara ya zama 36 da 30, ya shiga cif, har da sauran wuri a gefe na nuna 'ya'yan da suka rage. Na yi shi, kuma ya yi kyau ƙwarai.

19 ga Yuli

Faifai na farko mai tashi da kansa ya fito. Na haɗa hoton faifan da mkdcdisc, na buga a hankali, na rufe murfi, dara ta tashi ba waya ba kwamfuta.

Kafin ta tashi, sai da allon nan ya bayyana mai cewa Sega ce ta yi wannan wasa ko ta ba da lasisinsa. Ba ni na sa shi ba, kuma ba ya ciruwa, domin na'urar tana duba wannan sashe na farkon faifai, in ya bambanta ta ƙi tashi. Dabarar tsohuwa ce. A zamanin Genesis, kamfanin Accolade ya warware na'urar ya fitar da wasanni ba lasisi. Sega ta sa tsarin da ke tilasta wa kowane kaset nuna sunanta, sannan ta kai ƙara a 1991. A 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai zama a San Francisco ta ce warware manhaja don a gano yadda za a yi abin da zai yi aiki da na'ura halal ne a dokar haƙƙin mallaka, kuma Sega ce da kanta ta jawo bayyanar sunan nata. Sun sasanta a 1993, Accolade ta karɓi lasisi. Duk mai yin irin aikina yana cin albarkacin wannan hukunci. A ɗan gurbin hoto da aka bari a allon, na rubuta da Hausa da Turanci cewa wasan nan ba na Sega ba ne kuma ba ta ba shi lasisi ba.

Hanyar da faifan ke bi ya tashi ita ce ta fi damuna. Wasannin asali a kan GD-ROM suke, faifai mai ɗaukar kusan gigabait 1 wanda kwamfuta ba ta iya karanta cikinsa. Amma Sega ta ƙara wani tsari, MIL-CD, don faifan waƙa mai ɗauke da bidiyo da manhaja, wanda kaɗan aka fitar a Japan. Ta nan sidi na gama-gari ke iya tayar da kod. A tsakiyar 2000 masu satar wasanni suka gano haka, kwafi ya bazu ba tare da an ko kwance na'ura ba. Ka sa kanka a matsayin kamfanin da ke shawarar inda zai kai wasansa na gaba a wannan shekara: ga na'urar da ake kwafe kayanta da faifan banza, ga PlayStation 2 da ta fita a Japan a Maris, ta isa Amurka ranar 26 ga Oktoba da Madden da SSX na EA a gaba. Ranar 31 ga Janairu 2001 Sega ta sanar da janyewa, kuma jimillar na'urorin da aka sayar har ƙarshe miliyan 9 ne da 'yan kai. Ba na cewa sata ce kaɗai ta kashe ta, amma ta cuci mutanen da suka yi aiki da gumi, kuma ta wannan ɓarakar nake shiga yau. Abin da zan iya yi shi ne kada in sa ko bait ɗaya na wani a faifaina.

Sega kanta daga nan ta koma 'yar waje. Kafin 2001 ta ƙare Sonic yana kan GameCube ta Nintendo. EA kuwa ta sami abin da aka ce ta nema, ta wata hanya: a Disamba 2004 ta ƙulla yarjejeniyar keɓewa da hukumar NFL, wata guda bayan haka Sega ta sayar da Visual Concepts ga Take-Two.

23 ga Agusta

Kawu ya sake karawa da ita. Wannan karon sai da ya gyara zama, kuma a mataki mafi wuya sun raba wasanni. Ya ce har yanzu dasawarta ta yara ce, tana cunkushe 'ya'ya a tsakiya. Ina ganin maganin shi ne in tattara buɗe-wasa daga hannun masu iyawa in ajiye mata, maimakon ta ƙirƙiro da kanta.

Na yi nazarin yadda wasu suka fitar da nasu. Feet of Fury ya fita a 2003 a faifai na sayarwa, da KOS aka yi shi. Last Hope a 2007, Sturmwind a 2013, Xeno Crisis a 2020, Intrepid Izzy na Senile Team a 2021. Akwai ƙananan kamfanoni a Jamus da Faransa da Ingila da Amurka da ke buga faifai a masana'anta, su yi kwali da ɗan littafi, su aika wa masu saye. Wato duk ayyukan da mai na'ura ke yi wa 'yan waje a da, kayan aiki da bayani da bugawa da talla, an rarraba su a hannun mutane daban-daban, kuma suna gudana. Abin da ba a maye gurbinsa sosai ba shi ne dubawa, shi ya sa nake ba jerin watan Yuni muhimmanci haka.

Shawarar da na yanke ita ce sigar farko kyauta za ta fita, hoton faifai da kod duka, da lasisi irin na KOS. Zubin haruffan zan ware shi daban, da ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana, don mai son rubuta Hausa ko Fulatanci a na'urar ya ɗauka, kuma zan ƙara ƴ da ŋ saboda su. Zan kuma rubuta bayanin girka kayan aiki da Hausa, daga dc-chain har zuwa faifai.

Saura sauti. Guntun Yamaha na na'urar yana da tashoshi 64, ni uku nake buƙata: ƙarar dasa tsinke, ta ajiye tsakuwa, da ta ci. Zan ɗauke su a ƙasa ta gaske bayan ruwa ya ɗauke, don yashi mai laima ba ya ba da ƙarar da nake so. Wasan mutum biyu yana aiki, amma ban gwada zare hannu na biyu ana tsakiyar dasawa ba. Akwai kuma mutum biyu a ƙasashen waje da suka yarda su gwada mini, ɗaya yana da akwatin VGA mai haɗa na'urar da allon kwamfuta, ɗaya yana da na'ura mai lamba 0. Hoton faifan gwaji zai tafi gare su a makon farko na Satumba, tare da jerin abubuwan da nake so su yi ƙoƙarin karyawa.